Na Kulle Ƙanena a Ɗakin Baya

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Sunana Rifkatu, malamar firamare ce ni, a unguwar Bekaji cikin Jimeta nake zaune. Ba daga ciwon jiki Ubangiji ya cece ni ba, daga taurin zuciya ne, kuma da kunya nake tsaye a gabanku.

Ƙanena Yakubu yana koyarwa a Mubi lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin. A ƙafa ya gudo ta daji. Ya iso Jimeta da ransa, amma ba Yakubun da na sani ba ne. Ko tayar keke ce ta fashe, sai ya shige ƙarƙashin gado. Wani lokaci ya yi ta magana shi kaɗai.

Me na yi? Na kai shi ɗakin baya na sa kwaɗo. In miƙa masa abinci, in rufe, in tafi aiki. Kuna tambayata lafiyarsa a nan majami'a, ina ce muku ya koma Numan. Ƙarya nake yi, ku gafarta mini! Ina waƙa a zumuntar mata, wanda muka sha nono ɗaya yana kulle kamar akuya.

Da na kai shi asibiti karɓar magani, suka ce za su turo wata nas gida ta duba irin taimakon da yake bukata yau da kullum. Ta zo da takardar tambayoyi. Yana wanka da kansa? Yana tuna shan magani? In ya fita zai iya dawowa? Ni kuwa sai amsawa nake: ba ya iyawa, ba ya iyawa.

Ta ajiye biro ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, shi na zo tambaya."

Ta juya wurinsa. "Malam Yakubu, da wa kake hira da rana?"

Ya ce, "Babu kowa."

"Ba ka jin kaɗaici?"

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Adda yake kirana, wato yaya. "Adda tana da aiki da yawa. Kada ki rubuta laifinta."

Wayyo Allah! Ni na kulle shi, shi kuma yana rufa mini asiri!

Tana fita na durƙusa a kicin ina kuka. Na ce, "Ya Yesu, ba Yakubu kaɗai ke ciwo a gidan nan ba. Tsoron bakin mutane na ji, ban ji tsoronka ba. Ka yi mini jinƙai." Ban tashi ba sai da na ji ƙarfin zuwa wurin Yakubu. Na roƙe shi gafara, na cire kwaɗon.

Kun san abin da nas ɗin ta rubuta yana bukata? A tuna masa magani, a raka shi asibiti, a zauna kusa da shi in ya firgita. Shi ke nan! Sauran duk yana iyawa, ni ce ban taɓa tambayarsa ba.

Bai warke sarai ba, har yanzu akwai ranaku masu wuya. Laifina ma yana damuna, don ba zan iya mayar masa da watannin nan ba. Amma yanzu a kwano ɗaya muke cin abinci. Jiya har ya ce, "Adda, gishirin miyar nan ya yi yawa." Na yi dariya har da hawaye.

Na gode wa Ubangiji da bai yi mini yadda na yi wa ɗan'uwana ba. In kuna da mai irin wannan ciwo a gida, ku kai shi asibiti, ku zauna ku tambaye shi da bakinsa, ku dogara ga Yesu. Haleluya! Amin.