Hoton Don Eusebio

A tashar motar birnin Oaxaca, wata mai gidan burodi ta zauna kusa da wani tsoho, tana ta tsaki.

"Lafiya, 'yata?" in ji tsohon.

"Ina fa lafiya, Baba! Ma'aikatana ne. Watan jiya na rataye hoton wata yarinya Nayeli a bango saboda ƙwazonta, don murna har ta kira mahaifiyarta ta zo ta gani. Wannan watan na rataye na wani dattijo, Don Eusebio, shekara talatin yana kwaɓa mana fulawa. Har furanni na sa masa. Kwana uku ke nan ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Hoton tsoho da furanni? Haba 'yata! Ai mamatanmu muke yi wa haka. Kin ce masa ya gama ke nan."

Ta dafe kai. "To me zan ba shi?"

"Kar ki ba shi komai. Gobe ki gutsuri burodin farko ki miƙa masa, ki ce, 'Ya yi?'"

"Shi ke nan?"

Tsohon ya shafa agogon hannunsa. "Ni wannan suka ba ni a masaƙar da na yi aiki, ana ta tafi, sai na ajiye aikin. Da shawarata suka nema, da har yau ina can."