Kebul ɗin Fitila

A bencin shagon kayan lantarki wani dattijo ke jiran layi, da ɗan allon lantarki mai wayoyi cirko-cirko a cinyarsa. Matar da ke gefensa ta leƙo.

"Baba, wannan gizo-gizon fa?"

"Ni na haɗa shi. Shi ke zuba wa wannan 'yar ƙwaƙwalwar na'urar umarni daga kwamfuta. Kwana tara ke nan kwamfutar ta ce ba ta san shi ba."

"Ni ma ba zan gaishe shi a hanya ba. Me za ku yi da shi?"

"Ƙararrawa nake haɗawa, ta riƙa tuna wa matata shan magani."

"Ba ku da baki ne?"

Dattijon ya gyara zama. "Ba ma magana, tun da na farke rediyonta na ciri kaya."

Ta karɓi allon, ta juya, ta shinshina. "Ba abin da ya ƙone. Dalmar ce dai kamar kashin kaza. Ina kuka samo kebul ɗin da kuke jona shi da kwamfuta?"

"Na fitilarta ne."

"Na caji ne kawai, ba ya ɗaukar saƙo. Ni sai da na jefar da allo biyu, na zagi mai shagon nan, kafin na gane."

Ya daɗe yana kallon kebul ɗin.

"Ku sayi sabo, ku mayar mata da nata," in ji ta.

"Ai ba ta san ni na ɗauka ba," ya ce a hankali. "Ƙanwarta take zargi."