Rijiyar Gindin Tsamiya

A tashar Kura, wata tsohuwa mai suna Tambaya ta matsa ƙarshen benci tana toshe hanci, saboda buhun da wani mutum ya ajiye kusa da ita.

"Malam, wannan warin fa?"

"Yi haƙuri, Iya. Robobin maganin feshi ne. Mu 'yan sa-kai ne daga Bunkure, muna tsince su a bakin rijiyoyi kada su gurɓata ruwan sha."

"Bunkure? Akwai wata rijiya a gindin tsamiya, ruwanta sanyi kamar na randa. Tana nan kuwa?"

"Tana nan. Bara muka yashe ta, muka ɗaure bakinta da siminti, muka sa murfi."

"Murfi! To ina 'yan mata za su leƙa su ga fuskarsu?"

Ya yi dariya. "Ashe kin leƙa, Iya."

"Ni ɗiban ruwa ke kai ni." Ta gyara mayafinta. "Wani makiyayi ne dai, shanunsa ba sa jin ƙishi sai na zo. Shekara arba'in muka yi tare. Bana shekara tara da rasuwarsa."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin." Ta miƙe tsaye. "Malam, motar Bunkuren nan, da sauran wuri?"