Kati Ɗaya, Mata Arba'in

Mofiz: Salamu alaikum! Yaya Anowara, kina ji na?

Anowara: Wa alaikumus salam. Mofiz? Mai shayin Gazipur! Ashe kana raye.

Mofiz: Da sauran numfashi. Ya ƙafar? Ya shinkafa, kogi bai cinye ba?

Anowara: Ya lashi gefe ya koma. Ya ciniki? Ya 'yata Shiuli da nauyin jiki? Wata bakwai ke nan fa.

Mofiz: Garau take. Tun jiya aka sallame ta.

Anowara: Aka sallame ta daga ina?

Mofiz: Halo? Layin nan...

Anowara: Layi lafiyarsa ƙalau, ɗan nema! Daga ina?

Mofiz: Asibiti. Kwana uku kacal. Zauna tukuna, Yaya. Kin san kamfanin ɗinkinsu, katin shiga bayi ɗaya ne ga mata arba'in. Kafin ya zagayo kanki kin yi jika. Sai 'yarki mai wayo ta daina shan ruwa, wai kada ta bar keken ɗinki aiki ya taru.

Anowara: Da cikin?

Mofiz: Da cikin. Fitsari ya soma yi mata zafi kamar barkono, kunya ta hana ta faɗa. Ko mijin bai sani ba.

Anowara: Innalillahi! To wa ya gano?

Mofiz: Uwar mijin, Jobeda.

Anowara: Wannan mai bakin?

Mofiz: Ita. Kullum da safe takan cika mata gora da ruwa, da yamma ta ɗaga ta ji nauyi. Kwana huɗu gora na dawowa a cike. Ran na biyar ta taɓa goshin yarinya ta ji zazzaɓi, ga ciwon baya. Ba ta nemi laya ba, ba ta jira ɗanta ba. Ta tare mai keken haya, da ta ga yana jan jiki ta sauke shi ta tuƙa da kanta.

Anowara: Ƙarya kake!

Mofiz: To, ta dai yi masa tsawa har ya wuce bas biyu. Aka gwada fitsari. Likita ta ce cuta ce ta shiga mafitsara, har ta kama hanyar ƙoda. Da an ƙara kwana biyu, naƙuda na iya tasowa ba lokacinta ba.

Anowara: Wayyo 'yata! Abin cikin fa?

Mofiz: Ina zuwa. Aka yi allurai, aka ƙara mata ruwa. Yau da safe sai ga Jobeda a rumfata, ta ce in ɗauko babbar butar shayi in biyo ta, za ta je kamfani ta yi wa mai sa musu ido a wurin ɗinki godiya. Ta zuba masa kofi. Ya za a yi ya ƙi, tsohuwa na kiran sa ɗana? Ta ƙara. Ta fasa masa kwakwa biyu. Ni na ƙirga kofi goma sha ɗaya.

Anowara: Mofiz.

Mofiz: To, bakwai. Mutum ya fara canza ƙafa. Ya nufi bayi, sai ya tarar da ita a bakin ƙofa riƙe da lema. Ta ce, "Ɗana, ina katinka?" Katin kuwa yana ƙulle a bakin zanen sarin da ta ɗaura. Kekunan ɗinki arba'in suka tsaya cak. Ta ce ya bi layi, shi ne na arba'in da ɗaya.

Anowara: Kai! Jobeda! Allah ya ƙara mata lafiya!

Mofiz: Minti goma ya yi yana rawa, sannan ya rantse mai ciki ba ta ƙara neman kati.

Anowara: Na ce abin cikin fa? Yana motsi?

Mofiz: Motsi? Ɗazu ya harbe farantin shinkafa daga kan cikinta.

Anowara: Ban yarda da kai ba. Ba ni ita, in ji daga bakinta.

Mofiz: Ga ni a gidansu, amma tana bayi, Yaya. Zuwa na tara ke nan tun safe. Bari in ƙwanƙwasa...

Anowara: Kul! Kada ka taɓa ƙofar nan! Bar ta ta zauna har ta gaji, zan ji...

Mofiz: Yaya? Halo? Halo!