Godiyar da Anka Rubuta da Turanci

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara lahiya. Ni manomi ne daga wajen Burkusuma.

Bana rabin gonata ban nome ba saboda tsoron daji, dame tara kaɗai na zuba cikin ruhewar hatsina. Sai ga wasu baƙi masu rabon tallahin abinci, da takardunsu na Turanci da tahinta. Sunka tambaye ni ko abin da ke cikin ruhewar ya ishe mu. Gaban maƙwabta, mi za ni ce? Nic ce Alhamdulillahi, yadda ubana ka amsa ma baƙo ko da bai karya ba. Tahinta ya yi rubutu, sunka wuce.

Ranar rabo babu sunana. Ƙanena malamin makaranta ya duba takardar, yac ce kalmar da anka sa mani tana nuhin wanda ya wadatu.

Malam, na gaji. Masu sauraro ku ba ni shawara: ƙaƙa mutum ka hwaɗin hatsinai ya kusa ƙarewa ba tare da ya butulce ma Allah ba? Uwargida dai ta ce in sun dawo, ita za ta amsa.