Suna gardamar iska, sauro ya ɗauke mana Rabi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza, daga wani ƙauye kusa da Matankari. Don Allah ka karanta wannan duka, kada ka rage komai.

Bana da damina Rabi, ɗiyar yayana Isufu, ta kwanta da masassara. Da ta fara jijjiga, idanunta suka kafe, sai innarmu ta ce: "Doguwa ce, iskar tsamiyar bakin tabki, can Rabi take wasa." Aka kawo garwashi aka yi ta yi mata hayaƙi. Ƙanenmu Sani, ɗan kasuwa, ya shigo da faɗa: "Inna, wannan shirka ce! Ruƙiyya za a yi mata." Inna ta ce ita ta haife shi, ba shi zai koya mata ba. Suka wuni suna gardama, yarinya na kwance, jiki kamar wuta. Na ce a kai ta likita, aka ce ciwon iska ba ya son allura.

Washegari muka kai ta Dogon Dutsi. Lokotoro, wato babban likita, ya gwada jininta, ya ce masassarar cizon sauro ce ta hau mata kai. Ya tambaye mu: "Ina kuke tun jiya?" Rabi ba ta kai la'asar ba.

Tabkin yana nan, sauro na ta tashi. Rabi tana da ƙane. Na gaya wa gidanmu, ranar da jikinsa ya yi zafi, goya shi zan yi in kama hanyar likita, ba zan tambayi kowa ba. Sun ce ba ni da kunya. Masu sauraro, ku gaya mini, na yi laifi?