Takalmin Muntari da Ƙarshen Fim ɗin da Ba Mu Gani Ba

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyarmu Malam Idrisu, dattawan sashen saƙa, jaruman sashen rini masu shuɗin hannu, 'yan uwanmu da suka tako daga Sharada da Bompai, da ku na bayan rumfa da kuka zo don an ce za a yi faɗa, ina gaishe ku gaba ɗaya. Na gode da kuka ba ni, Shu'aibu, dama in yi magana, duk da kun san ba na gajarta ta.

Abu ɗaya ya tara mu a Challawa yau. Kamfani ya dakatar da Muntari daga aiki, kuma za mu ɗaga hannu a kan ko ƙungiya za ta raka shi ofishin manaja gobe, ko za ta bar shi ya shiga shi kaɗai.

Na farko, laifinsa a wurinmu, kuma ba zan ɓoye ba. Tun da aka ba shi farar riga aka ce shi ne shugaban leburorin rini, Muntari ya daina cin garau-garau da mu a rumfar Hajjo, ya koma shan shayi da cokali. Ni da muke tahowa tare a keke daga Panshekara, sai da ya ce mini, "Malam Shu'aibu, ka makara." Abin ya yi mini zafi, har yau kuma yana yi.

Na biyu, laifinsa a wurin manyan kamfani. Baƙinmu ba su sani ba: ranar Asabar kamfani ya haska mana majigi a babban sito. Aka rataya farin ƙyalle a tsakiya, manya a gaba bisa kujeru, mu kuma a baya bisa buhuna muna kallon komai a juye. Muntari yana gaba, ya harɗe ƙafa. Fim ne na fursunoni da suka yi bore a kurkuku saboda abinci. In fursuna ya yi duka, bayan ƙyalle ya ɗau sowa. In gandiroba ya rama, gaban ƙyalle ya yi tafi a hankali. A cikinsu akwai wani fursuna da aka ba hula da sanda yana gadin 'yan uwansa, kuma mabuɗin ƙofa yana hannunsa. Duk muka ce, "Ga Muntari!"

Da aka zo inda babban gandiroba ya tattake kwanon wani tsoho, sai muka ga takalmi ya daki ƙyallen daga ɗaya gefen, muka ji wata murya da muka sani ta ce, "Allah ya isa, mugu!" Takalmin ya dawo ya sauka a shayin manaja.

Jama'a, mutum yana iya tsara gaisuwarsa, yana iya tsara tafiyarsa, amma ba ya tsara inda takalminsa zai nufa idan zuciya ta tashi. Farar riga ta zaunar da shi a kujera, cikinsa kuwa yana kan buhu tare da mu. Yanzu na gaba sun ce namu ne, mu mun ce nasu ne, 'ya'yansa kuma suna gida suna jiran abinci.

Na uku, a cikin wannan hayaniya aka kashe injin majigin. Babu wanda ya ga ko mai hula ya buɗe wa 'yan uwansa ƙofa, ko sun yafe masa. Ni dai ba zan bari namu fim ɗin ya ƙare a duhu ba. Gobe ina gefen Muntari, ko da zai ce mini na makara. Ga hannuna a sama, ina jiran naku.

Allah ya tsare mana yatsunmu daga inji, ya tsare zukatanmu daga kujera, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.